Sunayen da Ke Cikin Agogon Bapak

Ku yi haƙuri da rubutuna, ni ban iya tsara magana ba. Ko a makaranta in malama ta ce in tashi in karanta abin da na rubuta, muryata shigewa take yi cikin wuyana, sai 'yan aji su yi ta cewa ba sa ji. A bayan littafin lissafi nake rubuta wannan, na tokare ƙofar ɗakina da kujera, don Ibu, mahaifiyarmu, ta ce kada maganar ta fita daga gidan nan. Amma ta cika min ciki. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da na tashi yi. Sunana kuma ba za ku gan shi a nan ba. Ba ɓoyewa nake yi ba. Ku dai bi ni a hankali.

Ranar aike ne kawai irin na kullum. An yi ruwa da la'asar ya ɗauke, rana ta yi ƙasa. Ibu ta gama suyar tempe, ƙosan waken soya na wajenmu, ta juye a faranti, ta haɗa shayi mai sukari, ta miƙo min.

"Kai wa yayanki. Ki ce ya rufe shagon nan, magariba ta kawo kai. In ya ce miki saura kaɗan, ki ce na ce saura kaɗan ɗin ya kwana."

Shagon a bayan gidanmu yake, sai ka bi ta cikin ayaba, ka wuce tsohuwar rijiya. Agogon masallaci muke haɗawa, mai jan lamba ɗin nan da ke nuna lokutan salla, ya yi ƙara in lokaci ya shiga. Masallatai da yawa a kewayen garinmu Klaten namu ne a bangonsu. Bapak, mahaifinmu, shi ya fara sana'ar. Da ya rasu, yayana Mas Danang, Mas ɗin nan yaya yake nufi a yarenmu, ya bar karatunsa a birnin Solo ya dawo ya riƙe.

Dole in ɗan yi muku bayani a nan, in ba haka ba ba za ku gane ba. Ni ma kaɗan na sani.

Abin da ke sa agogon ya san lokaci wata manhaja ce da Bapak ya rubuta. Mutum yakan rubuta ta da yaren da mutum ke karantawa, sai kwamfuta ta juya ta zuwa yaren inji, lambobi zalla. Amma ko an juya, sunayen da mai rubutun ya raɗa wa kowane sashe suna nan maƙale a jiki, kamar 'yar takardar da Ibu ke mannawa a kwalaben yaji. Har da sunan wanda ya yi aikin, da kwamfutar da ya yi a kai, da ranar. Inji bai damu da su ba, mai gyara ne yake bukatarsu. In za a ba wani na waje, sai a cire su kaf, don kada ya gane kan aikin ya kwaikwaya. Kalma ɗaya ake bugawa, shi ke nan. A gidanmu aski muke ce masa. Agogo zai ci gaba da aikinsa yadda ya saba, sai dai ba wanda zai ƙara sanin wane ne wane a ciki. Kuma wannan askin ba ya tsirowa.

Shekarar da ambaliya ta shigo unguwarmu, kwamfutar Bapak ta mutu da rubutun asalin a cikinta. Abin da ya tsira manhaja guda ce mai sunaye, a cikin wani ɗan filashi da ya ɗaura wa jan zare ya rataye a ƙusa. Ita muke kira ta gida. Wadda ake askewa a fitar kuma ta kasuwa. Bapak ba ya yarda mai sunaye ta zama biyu, tsoron kada ta fita. Ga yadda yake yi: ya jona filashin, ya kwafa, ya zare filashin ya mayar ƙusa, sannan ya aske kwafin. Sai ya ga jan zaren yana reto a ƙusa kafin ya buga kalmar. Don kalmar nan ba ta tambaya. Duk wadda ka nuna mata, nan take za ta aske ta a inda take.

Bapak mutum ne mai wasa. Sunayen mutanen gida ya sa wa sassan. Sashen da ke riƙe lokaci ba ya kuskure shi ne Lastri, sunan Ibu. Sashen da ke yin ƙara Danang ne, saboda bakinsa ba ya rufuwa. Har kyanwarmu tana ciki. Ni kuwa ba na ciki, a waje nake, don fayil ɗin gaba ɗaya sunana ya sa masa, wai ranar da aka raɗa min suna ya gama aikin. A kan cinyarsa na koyi karatu, yana nuna min sunayen nan a allon kwamfuta ɗaya bayan ɗaya.

Akwai suna guda da ba na kowa ba.

Na taɓa tambayar Bapak. Ya ce, "Nduk," wato 'yata, "duk wanda ke zaune a gidan nan yana ciki. Wannan ya riga mu zuwa." Ya nuna wajen rijiya da haɓa. Bai taɓa ajiye masa komai ba, ba turare ba abinci, ya ce wannan ba addini ba ne. Ya ce maƙwabci ne, Allah ya halicce shi kamar yadda ya halicce mu, kuma maƙwabci gaisuwa ce haƙƙinsa. Kullum in zai rufe shago kafin magariba sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mbah wane, mun tashi, wurin naka ne." Mbah, wato kaka, sannan ya kira sunan. Sashen da ke ɗauke da sunan ba ya yin komai. Mas Danang ya duba shi, ya ce in magariba ta yi sai ya ɗan dakata kamar ƙiftawar ido, sai ya wuce. Jira kawai yake yi.

Tun da Bapak ya rasu ba wanda ya ƙara gaisuwar. Mas Danang ya ce shi ba ya gaida rijiya.

To, na ɗauki faranti na kama hanya. Ganyen ayaba yana ta ɗiga a wuyana. Kwaɗi sun fara. Daga nesa na jiyo ƙaurin dalma da hayaƙin sigarinsa mai kanumfari, na kuma jiyo muryarsa yana waya.

"Yanzu, Pak. Wallahi yanzu. Kafin ka sha ruwa ya iso."

Wani mutum ne a birnin Semarang, Pak Sutikno, wato Malam Sutikno, zai haɗa agogunan da yawa da manhajarmu. Tun safe yake kira.

Na tsaya a bakin ƙofa. Bango cike da agogo, duk suna ci, jan haskensu ya rina ɗakin.

"Ɓera, shigo mana, kin tsaya kamar an aiko ki bin bashin gaisuwa," in ji Mas Danang. Haka yake kirana tun ina ƙarama, wai ina bin bango ina leƙe. Na tsani sunan. Ban taɓa iya faɗa masa ba.

"Ibu ta ce ka rufe."

"Saura kaɗan."

"Ta ce saura kaɗan ɗin ya kwana."

Ya yi dariya, ya ɗauki tempe ya jefa a baki, ya ƙone, ya yi ta hura iska. "Je ki ce wa Hajiya Lastri agogonta yana gudu. Kin ga aski kawai ya rage in aika."

Wayar ta sake ruri. Ya maƙale ta a kafaɗa, hannu ɗaya da mai, ɗayan a kan madannai. "Na'am, Pak. Ga shi nan, Pak."

Idona ya je kan ƙusa. Ban san me ya kai shi ba.

Ba komai a ƙusar.

Jan zaren yana reto a gefen kwamfuta.

Na ce, "Mas." Amma kun san muryata. Ko ni da kyar na ji.

Ya buga kalmar.

Kwamfutar ba ta yi ƙara ba. Ba ta ce komai ba. Layi ya sauko, shi ke nan.

Ya ajiye wayar a hankali, Pak Sutikno yana ta magana a ciki. Ya kusanto da fuskarsa ga allon. Ya buga wani abu. Ya sake bugawa. Na ga wuyansa ya jiƙe.

"A'a. A'a, a'a. Kwafin na nuna mata ai. Kwafin ne." Ya sake duba sunan fayil ɗin. "Innalillahi. Ta gida ce."

"Ba za ta dawo ba?"

"Ta dawo daga ina, Ɓera? Dubi yadda ta rame." Ya nuna min lambar girman fayil ɗin. Ya buɗe inda sunayen suke fitowa a jere. Fari fat.

A lokacin aka buga gangar masallacin unguwa, wadda ake bugawa kafin kiran salla. Agogunan bango duka suka ɗauki ƙara tare, lokaci ya shiga. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Komai yana aiki.

Da suka yi shiru na lura kwaɗi ma sun yi shiru.

Tsakar da ke kuka a bayan kabad ta daina.

Sai wari. Ba ƙaurin dalma ba. Warin ƙasa mai sanyi, irin wanda ke tasowa in ka leƙa rijiya, da gansakuka, da tsohon ƙarfen guga.

Na ce, "Mu tafi gida."

Ya jawo wani allon agogo, ya ɗauki ƙarfen dalma, ya ci gaba da liƙi. Hannunsa yana tafiya daidai, tsaf, ɗigo bayan ɗigo. Amma ba ya kallon abin da yake yi. Idonsa a buɗe, ba kowa a ciki.

Na buɗe baki in kira shi.

Na ce, "Mas…"

Sauran bai zo ba.

Na san shi. Yayana ne. Na san tabon da ke haɓarsa, na san shi ya goya ni ranar ambaliya. Amma inda sunan yake zama a kaina, wurin ya zama fili, sumul, kamar inda aka cire haƙori.

Na saki kofin shayi. Ban ji fashewarsa ba. Na ruga.

Ibu tana alwala a bakin famfo. Ta ga fuskata ta miƙe, ruwa yana bin gwiwar hannunta.

"Mene ne? Ina… ina…" Ta tsaya. Ta taɓa leɓenta. "Ina yaron nan? Ina ɗana?"

"Ya aske ta gida, Bu."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta shiga kicin ta fizgo faifai da ludayi. Kowa a wajenmu ya san wannan. In magariba ta ɗauke mutum, faifai ake bugawa a yi ta kiran sunansa, ya biyo sautin ya dawo. Amma sai kafin jan sama ya mutu. In duhu ya rufe, sai dai addu'a.

Muka bi ta cikin ayaba tana gaba ina baya. Ladan ya fara kiran salla. Saman bishiyoyi saura ɗan ja siriri.

Ba ya cikin shago.

Yana hanyar rijiya.

Tafiya yake a hankali, ƙafa ba takalmi, hannuwa a sake. Ba ya sauri, ba ya tsayawa. Murfin katakon da muke rufe rijiyar da shi yana ƙasa, a jingine, kamar wani ya ajiye shi da kulawa.

Ibu ta fara buga faifai. Kaf, kaf, kaf. Ta buɗe baki.

"Ɗana! Ɗana, dawo!"

Ko waiwaye bai yi ba. Kowa ɗan wani ne ai.

"Kai! Na fari! Kai mai… ya Allah, ni na raɗa masa, ni na zaɓa!" Ta yar da ludayin ta rungume shi ta baya. Ibu ba ƙaramar mace ba ce, buhun shinkafa take ɗauka ita kaɗai. Ya ci gaba da tafiya yana janta, ƙafafunta suna yin layi a cikin taɓo.

Ni ina tsaye. Ba zan ɓoye muku ba, tsaye kawai nake ina kallo.

Sai Ibu ta juyo ta ƙwala min kira. Da sunana. Cikakke, da ƙarfi, har ya amsa a cikin rijiya.

"Yi wani abu!"

Sunana. Nawa bai tafi ba.

Na ce a raina, don me? Nasa ya tafi. Na nemi na Ibu, babu. Na nemi na kyanwa, babu. Sai nawa.

Don ni ba na ciki. A waje nake. Aski ba ya taɓa sunan fayil.

Sai kuma na ji akwai wani guda da bai tafi ba. Yana zaune a kan harshena, da sanyi, kamar na tsotsi tsabar ƙarfe. Tun ɗazu yake nan.

Na juya na kalli shagon. Ƙofa a buɗe. Jan haske yana fitowa.

Ban san yadda ƙafata ta kai ni ba.

Ciki sanyi. Ƙasa a jiƙe. Ba shayin da na zubar ba ne, ruwa ne, layi guda daga bakin ƙofa har zuwa tsohuwar kujerar Bapak ta kusurwa, wadda ba wanda ke zama a kai.

Ban kalli kujerar ba. Gefen idona ne ya gani. Wani abu mai tsawo, a naɗe, gwiwoyi sun wuce kai.

Ɗis.

Ɗis.

Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci, ina yi tana kakkatsewa, ina komawa farko.

Ya yi magana. Ba da ƙarfi ba. Kamar mutum ya sa kai cikin randa ya yi raɗa.

"Ina nawa?"

Ya ci gaba.

"An daina gaisuwa, na yi shiru. Ina da wuri. Yanzu ina nawa?"

A waje faifai ya daina. Sai nishin Ibu. Sai ƙarar gwiwa a jikin bulon rijiya.

Na yi yadda Bapak yake yi. Na haɗa hannuwa, na sunkuyar da kai. Na ce, "Mbah," na kira sunan. Muryata ta fita. Ni kaina na yi mamaki.

Ɗigar ta tsaya.

"Ke ce ta kan cinya," ya ce.

"Ni ce, Mbah. Kuskure ne. Wallahi bai yi niyya ba. Ka sake shi."

"Baki yana mantawa. Na gani. Mahaifinki wuri ya ba ni."

"Ban iya mayarwa ba. Ba ya mayuwa."



Kujerar ta yi ƙara. Yana miƙewa.

Ibu ta yi ihu a waje. Ba kalma a ciki.

Na kalli allon kwamfuta. Fari fat, sai abu guda a sama. Fayil ɗin, da sunana a ƙarƙashinsa. Duk abin da ke cikin kwamfutar nan ban iya komai ba. Amma canza sunan fayil, wannan ko a makaranta an koya mana.

Wuri guda ne ya rage a gidan da Bapak ya gina. Ni ce a ciki.

Na zauna a kujerar yayana. Da ɗuminsa har lokacin.

Sanyi ya tsaya a bayana. Ruwa ya ɗiga a kafaɗata, ya bi bayana.

Na danna. Sunan ya yi shuɗi.

Na fara gogewa daga ƙarshe. Harafi ɗaya.

Na ji shi a ƙirjina, kamar an zare zare.

Na biyu.

Na tuna yatsan Bapak yana bin su, yana cewa, karanta, Nduk, wannan ke ce.

Na rufe ido na danne madannin har ya ƙare.

Na rubuta nasa. Yatsuna sun san shi.

Na buga.

Agogunan bango duka suka ƙifta. Sau ɗaya. Ɗakin ya yi baƙi, ya dawo ja.

Wani dogon numfashi ya wuce ta gefen kunnena, ya fita ta ƙofa.

"DANANG!"

Faifai. Kaf, kaf, kaf, da tafin hannu take bugawa.

"Danang! Danang! Danang, ɗan banza, dawo nan!"

Da na fito, jan sama ya mutu. Yana kwance a kan bakin rijiya, rabinsa a ciki, Ibu ta kama bel ɗin wandonsa da hannu ɗaya. Na kama ƙafa. Muka ja muka zube mu uku a taɓo. Ya yi tari, ya yi tari, ya kalle mu.

"Bu? Me ya kawo mu nan? Wa ya buɗe rijiya?"

Ibu ta kwaɗa masa faifai a ka, sannan ta rungume shi tana kuka. Kwaɗi suka dawo.

Ya juyo wajena yana haki. "Ke kuma me ya jiƙa miki baya, ke…" Ya tsaya. Ya yi dariya kaɗan. "Ke…"

Ibu ta ce, "Ƙanwarka ce mana, sakarai, ai…"

Ita ma ta tsaya.

Ba sai na faɗa muku sauran ba.

A makaranta sunana lafiya lau. Malama tana kira ina amsawa, yana jikin katina. Ƙawata Tyas takan tsaya a titi ta ƙwala min kira, amma in ta tako cikin gidanmu sai ta ce, ke, zo mu tafi, ba ta ma lura. Daga bakin ƙofar waje har rijiya, ba bakin da ke iya furta shi. Ni ma in na zo rubuta shi a cikin gidan nan, biro sai ya tsaya, in zauna ina kallon takarda. Aikin gida sai na je makaranta nake sa masa suna.

Ibu tana ce min Nduk. Da ma takan ce, amma da zaɓi take yi. Wani lokaci tana tsefe min kai sai in ji hannunta ya tsaya, in ji tana motsa baki a bayana, tana gwadawa. Sai ta ce gashin nan naki ya cika cuɗewa, ta ja da ƙarfi don kada in juyo.

Mas Danang ya daina ce min Ɓera. Ban hana shi ba. Wallahi yanzu da zai faɗa ma da na amsa. Dik yake cewa, wato ƙanwa, a hankali, kamar mai bin marar lafiya. Washegari ya ce zai mayar wa fayil ɗin sunansa na da, ko me zai faru ya faru. Na tsaya a gaban kwamfutar na ce a'a. Shi ne karo na farko da na ɗaga masa murya. Filashin yana ƙusa da jan zarensa, ba mai taɓawa.

Askakkiyar tana aiki, ya aika wa Pak Sutikno, agogunan suna can suna kiran mutane salla. Amma in wani abu ya lalace a ciki ba mai iya gyarawa, don haka ya fara rubuta sabuwa tun daga tushe. Yana sa sunayen yadda Bapak ya sa. Na Mbah ya fara sawa, ni na faɗa masa. Ya bar wuri guda a buɗe, ya ce in ya gama zai ɗauki kwamfutar ya fita da ita titi ya rubuta nawa a can, ya shigo da shi a hannu, mu ga wanda zai hana. Ban sani ba ko zai yi. Ina so in yarda. Kullum ina tambayarsa saura nawa, yana cewa saura kaɗan.

Yanzu tun rana da sauranta yake rufe shago. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mbah, mun tashi, wurin naka ne." Yau ma ya yi, na ji shi ta taga, sannan ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Ibu ta je kai wa maƙwabta abinci. Shi ya sa na samu damar rubuta wannan. Na so in gama da haske amma ga shi har an buga ganga, ban kunna fitila ba, da kyar nake ganin layi.

Abin da ya fi damuna, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba tsoro ba ne. Kewa ce. Ba ku san yadda mutum yake jin ƙishin sunansa a bakin nasa ba sai

Ku tsaya.

Ana kira.

Daga baya ne, wajen ayaba.

Sunana ne. Cikakke. Yadda ake jan ƙarshensa.

Ba wanda ke jan ƙarshensa haka sai Bapak.

Na san ba shi ba ne. Na sani. Ba a amsa kiran magariba, ko yaro ya san wannan. Kwaɗi sun yi shiru.

Ya sake.

Wayyo, daɗin ji.

Ba zan amsa ba. Zan janye kujerar kawai in tsaya a bakin ƙofar kicin, daga ciki, in ƙara ji sau ɗaya, ba zan taka waje ba, in Ibu ta dawo ta ga littafin nan ku gaya mata ni dai ban